Dogon Teburin Kebbe da Fushin Baba Altine

Akwai wata magana da take yawo a Tambuwal tun kafin a haifi yawancinku, kuma na san ta shiga kunnuwanku, don na ga yadda kuke sunkuyar da kai in an ambaci kakanku a gabana. Cewa ake yi wai ni na ƙwace sana'ar shirya taro daga hannun Baba Altine, mahaifin Innarku, na bi ta bayansa na zuga baƙo har aka ba ni aikinsa. Shekara da shekaru na bar maganar tana yawonta, don masu yin ta ba su taɓa zuwa sun faɗa mini a fuska ba, ni kuma ba ni da lokacin bin zauruka ina wanke kaina. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, lokaci ya samu. Zan faɗa muku yadda abin ya faru, kuma in kun gama karantawa za ku ga ba ƙorafi na zo yi ba. Godiya ce ta fi yawa a cikina.

Baba Altine shi ne mai rumfar wannan yanki. Ko En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, za ta buɗe makaranta, ko za a yi nunin amfanin gona, ko wani attajiri zai tara mutane, gidansa ake fara zuwa. Yana da zana da itatuwan gwafa da tabarmi cike da ɗakuna, yana da matan da suka san tuƙa tuwon jama'a, kuma abin da ya fi duk wannan, ya san wa zai zauna kusa da wa ba tare da an tashi da gaba ba. Shi ya kafa rumfunan bikin samun 'yancin kai a garin nan, kuma ko kara ɗaya bai faɗo a kan kowa ba. Ni na zo masa daga Jabo ina saurayi, da ɗan karatun elementare da ƙafar tuƙa keke. Ya ɗauke ni ina kai saƙo, daga baya ina auna fili, daga baya kuma ya ba ni Hajo, Innarku. Ita ma ba ta ƙi ba, ko da yake har Allah ya karɓi abarsa tana cewa tausayina ta ji, don ta ga wuyana ya cika tsawo. Allah ya jiƙanta.

Baba yana da hanyarsa ta aiki, kuma kada wani a cikinku ya raina ta, don ta ciyar da gida shekaru masu yawa. Bai taɓa ce wa mai taro a'a ba. Duk abin da aka zo da shi, komai karkacewarsa, sai ya shafa gemu ya ce to. Ranar taro sai ya yi abin da ya san shi ne daidai, in mai taro ya yi magana ya ba shi haƙuri, a rabu ana dariya. Masu ba shi aiki 'yan ƙasa ne, sun san halinsa, wasu ma dogara suke da shi ya gyara musu wautarsu ba tare da ya gaya musu wauta ce ba. Ni ma a kan haka na tashi, ban taɓa tunanin akwai ranar da hanyar za ta ƙi ɓullewa ba.

A shekarar da ta biyo bayan samun 'yanci, bayan an kai hatsi rumbu, wani kamfanin sayen fatu da ƙiraga ya buɗe wurin saye a Kebbe. Wakilin da aka turo sunansa Malam Isyaku, mutumin Zariya, siriri mai tabarau, mai saurin magana da saurin tafiya. Kujerar da aka ba shi, Bature ne a kanta kafinsa. Yana so a tara mahauta da makiyaya da masu unguwanni daga Kebbe da Fakku da ƙauyukan kewaye, a nuna musu yadda ake fiɗa ba tare da wuƙa ta huda fata ba, da yadda ake ɗaure fata a katako ta bushe a inuwa maimakon a shanya ta a ƙasa. Manajansu zai zo daga Kano, har da mai ɗaukar hoto. Aka nuna masa gidan Baba, ya zo ya zauna a zaure, ni ina durƙushe bakin ƙofa.

"Baba, ga abin da nake so," in ji shi. "A jera tebura su zama ɗaya, dogo, daga wannan ƙarshen rumfa zuwa wancan. Manaja ya zauna, mahauci ya zauna, makiyayi ya zauna, mai unguwa ya zauna, a ci abinci tare, mai hoto ya ɗauka. Ƙasa ta zama tamu yanzu. Ina so a ga haka a hoton."

Baba ya shafa gemu.

"To, Malam. Allah shi kai mu."

Ni kuwa na san wannan teburi ba zai yiwu ba. Ku da kuka tashi kuna cin abinci a otal kuna kallon titi, sai na yi muku bayani. A wancan zamani dattijo ba ya cin abinci a fili idon jama'a na kansa. Wannan ma da sauƙi. Babbar ita ce mutum ba ya kai loma baki a gaban surukinsa, surukin ma ba ya ci a gabansa, ko da yunwa za ta kayar da su. Mutanen Fakku, masu noma da kiwo, sun fi kowa tsanani a kan wannan. Ga shi auratayya ta haɗa garuruwan nan ta yadda in ka jefa tsakuwa cikin taro, kan surukin wani za ta faɗa. In aka zaunar da su a tebur ɗaya, abin da mai hoto zai samu shi ne dattawa sun sunkuyar da kai gaban shinkafa tana hucewa, samari kuma suna sulalewa ta bayan rumfa.

Da baƙo ya tafi, na jira har Baba ya gama alwala, sannan na yi ta maza na tambaye shi ko mutanen Fakku za su ci.

"Ba su ci," in ji shi.

"To teburin fa, Baba?"

"Teburi dai a aro na makaranta a jera mai. Ran taro mu kai abinci zauruka awa yadda munka saba. In ya yi magana mu ba shi haƙuri. Baƙo na, ba a tsinka shi cikin zaurena."

A lokacin ni ma na ga kamar maganar ta zauna.

Aka tura ni Kebbe in auna fili. Hanyar a wancan lokaci rabi ka hau keke, rabi keke ya hau ka saboda yashi. Na isa na tarar da Malam Isyaku yana jirana a inuwar wata tsamiya, ya sa an dafa shayi. Muka zagaya fili, muka kafa turaku, yana ta magana ina ta jinjina kai. A nan ya buɗe mini cikinsa. Ya ce ya riga ya gaya wa manaja batun dogon tebur, kuma saboda shi ne ma manajan ya yarda ya yi wannan doguwar tafiya. Ya ce shi da kansa zai tsaya da lasifika ya kira jama'a su zauna. Ya ce a ofishinsu akwai masu jira ya yi tuntuɓe, su ce ai da ma ɗan Arewa bai isa riƙe wannan kujera ba, kuma yana da mata da 'ya'ya da tsohuwar uwa a Zariya. Yana faɗa ina lissafi a zuciyata. In Baba ya kai abinci zauruka, Malam Isyaku zai tsaya da lasifika gaban tebur wayam, maigidansa yana kallo. In kuma aka zuba a tebur, ba mai ci. Ko ta ina aka bi shi zai kwana a ciki, kuma bai sani ba.

Mutumin yana da wata ɗabi'a da ta ba ni haushi a farko. Duk maganar da kuka yi, kafin ku rabu sai ya ce ka maimaita masa abin da kuka tsayar. Na ɗauka raina hankalina yake yi. Daga baya na gane ba ni kaɗai yake yi wa ba, kuma shi ma yana maimaita naka. Wannan ɗabi'ar da kuke yi mini dariya a kanta, in na aike ku kasuwa na ce ku maimaita, a wurinsa na ɗauko ta, kuma ta tsare ni daga rigima fiye da yadda za ku zata. To ran nan ya ce in maimaita. Na fara, rumfa ta fuskanci gabas, randunan ruwa a baya, wurin fiɗa a gefe, tebura a jere. Da na zo kan a ci tare, harshena ya ƙi. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Bello, za su ci?"

Na dubi ƙasa. Na ce ya bari in je gida in dawo.

"Je ka," in ji shi. "Amma in ka dawo, amsa nake so, ba addu'a ba."

Ina so ku riƙe wannan, don shi ne abin da masu maganar ba sa faɗa. Ban gaya masa komai ba a ranar. Gida na dawo, na je wurin Baba tukuna. Na durƙusa na zayyana masa halin da mutumin yake ciki, na roƙe shi ya kira shi ya gaya masa da bakinsa, ko ya ba ni izini in gaya masa a madadinsa. Baba ya saurare ni har ƙarshe, don bai taɓa katse mutum ba.

"Ni na amsa mai," in ji shi. "Maganad da na yi ba ni haɗiye ta. Kai kak ka sa baki."

Na fito na koma gidana. Na tarar da Innarku a tsakar gida tana tankaɗe, a lokacin tana da cikin Amadu, babbanku. Na zauna a kan turmi na ce mata Baba ya ce kada in sa baki.

"Na ji," ta ce. "Labari ya riga ka isowa."

"To mi kika gani?"

Ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannu.

"Malam, ubana na, na fi ka sanin halinai. In ka faɗi, fushi zai yi, kuma fushinai ba na kwana guda na ba. In ba ka faɗi ba, mutumin ga shi ka shan kunya gaban maigidanai, kuma ƙarshenta sunan Baba za a kira, a ce shi yay yaudare shi. Wanga na biyu ni ba ni iya ji. Na farin muna ɗauka, ni da kai."

Ta koma kan tankaɗenta. Yarinya ce a lokacin, amma ita ta yanke mini abin da na kasa yankewa, kuma ta san a kanta za a fi sauke nauyin. Har yau in na tuna sai in ji ƙwalla.

Washegari na koma Kebbe. Ban sha shayi ba, don na san in na zauna zan fara kewaye-kewaye. Ina tsaye riƙe da keke na ce masa ba za su ci ba, na gaya masa dalili tun daga tushe. Fuskarsa ta canza.

"Na yi wannan magana gaban mutane da yawa," in ji shi. "A Tambuwal na yi, a nan na yi. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Girmama ka aka yi, Malam."

"Girman nan ya kusa raba ni da aikina." Ya zauna a kan benci ya nuna mini gefensa. "Mu ma a Zariya muna da kunyar suruki, amma ban zaci ta kai nan ba, na daɗe a ofis. To zauna. Ni ma in gaya maka tawa. Ba zan iya janye zuwan manaja ba, kuma dole a samu hoton da kowa yake ciki tare. Wannan ba ya motsi. Saura duk yana motsi. Me mutanenku za su yarda su yi tare a fili?"

Ban taɓa zama da mai taro irin wannan zama ba. Shi ya faɗi abin da ba zai iya bari ba, ni na faɗi abin da ba zai yiwu ba, muka nemi hanya a tsakani. Na ce goro kowa zai karɓa a gaban kowa, don aljihu ake sawa. Na ce sallar azahar sahu ɗaya ake yi, ba a tambayar wane ne surukin wane. Shi kuma ya kawo shawarar a shimfiɗa babban ƙirgi a kan teburan, kowa ya dafa hannu a kai a ɗauki hoto, tunda ai don fata aka taru. Abinci kuwa a kai zauruka a akusa, dattawa daban, matasa daban, kowane gari da masaukinsa. Ya ce zai je Gusau ya buga wa manaja waya ya gaya masa canjin da dalilinsa tun kafin ya taso. Muka maimaita wa juna. Da zan tafi na roƙe shi abu ɗaya, in ya je wurin Baba ya bi a hankali. Ya ce kada in damu.

Ya cika alkawari yadda ya fahimce shi. Ya zo Tambuwal da hantsi, zaure cike da mutane, ya gaida Baba da ladabi, ya bayyana sabon tsari. Sannan don ya faranta masa rai sai ya ƙara da cewa:

"Baba, ka yi sa'ar suruki. Bello ne ya gaya mini gaskiya. Ba don shi ba da mun ji kunya gaba ɗaya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Malam Isyaku yabo ya yi da zuciya ɗaya, ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Amma abin da zaure ya ji shi ne, Altine ya ce to, mijin 'yarsa ya bi baya ya ce a'a, kuma baƙo ya ɗauki ta yaron. Baba ya yi murmushi, ya ba baƙo goro, ya raka shi har bakin mota. Da ya dawo bai dube ni ba. Bango ya duba ya yi magana.

"Tunda an samu mai magana, a ba shi aikin. A buɗe mai ɗaki shi ɗauki zana da tabarmi."

Haka aikin Kebbe ya zo hannuna. Ban nema ba, kuma ban ji daɗinsa ba. Taro ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Jama'a ta cika fili, Sarkin Fawa ya feɗe jar akuya ba ƙwarzane ko ɗaya, aka yi salla, aka raba goro, aka dafa ƙirgi aka ɗauki hoto, manaja yana tsakanin wani tsohon makiyayi da wani mahauci yana ta washe baki. Akusa suka dawo daga zauruka a suɗe. Amma Baba bai zo ba, kuma duk wanda ya yaba mini sai in ji kamar ya ƙara masa ciwo ne. Ina cikin warware rumfa Malam Isyaku ya same ni ya ce kamfani yana da taruka a wasu garuruwa, yana so in riƙa yi musu ni kaɗai, ya ambaci abin da za a riƙa ba ni. Ba ƙaramin abu ba ne. Na ce masa zana ta Baba ce, sana'a ta Baba ce, in yana da aiki ya aika gidan Baba. Ya dube ni ya ce ya ji, kuma haka ya riƙa yi. Bai sake matsa mini ba, bai kuma daina gaishe ni ba.

Na mayar da kaya na ƙirga su a gaban mai tsaron ɗaki. Daga ranar Baba bai sake kirana aiki ba. Ayyukan kamfani suna zuwa, yana yi da wasu, ni ina gida. Kullum da safe ina zuwa gaisuwa kamar yadda na saba. Yana amsa sallama, don wannan haƙƙin Musulunci ne, amma ba ya ƙarawa da komai. Ba ina gajiya, ba ina iyali. In durƙusa in gama durƙusona in tashi. Wata rana na fito raina a ɓace, na ce a zuciyata na gaji, sai Inna Tumba, kakarku, ta tare ni a soro.

"Ka ci gaba da zuwa," ta ce. "Yanzu ba ka da laifi. Rad da kad daina zuwa, ran nan ka yi laifi."

Na ci gaba. Abinci ya yi mana wuya a wannan rani, don ba ni da wata sana'a. Na koma ina kai wa 'yan kasuwa kaya a keke tsakanin Tambuwal da Jabo, mutanen da da nake zaunar da su a taro suna yi mini ciniki a kan ɗaukar buhu. A nan ne maganar ƙwace ta samo asali, ko da yake ban san irin ƙwacen da mai yin sa yake komawa dako ba. Innarku ita ce a tsakiya. Ta je gidansu a yi mata shiru, ta dawo ta tarar da ni na sha kunu. Ba ta taɓa kawo mini abin da aka faɗa a can ba, kuma daga baya na ji ba ta taɓa kai nawa can ba. In na fara ƙorafi sai ta ce in ci tuwo tukuna, in na gama ci kuma ta ce maganar ta huce.

Shi ma Baba, a duk fushinsa, akwai abin da bai yi ba, kuma ina so ku san shi. Kalma ɗaya zai faɗa 'yarsa ta koma gida, ba mai ce masa don me. Bai faɗa ba. Bai taɓa zagina a gaban kowa ba. Da aka haifi Amadu a bazara, ba ni da halin kafa ko rumfar kara. Ranar suna na fito bayan sallar asuba na tarar da rumfa a ƙofar gidana, da sabuwar zana wadda ake ajiyewa don manyan baƙi, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ya zo ya zauna, aka yi addu'a, ya shafa, ya tashi ya tafi. Bai ce mini komai ba, ni kuma da na je godiya ya amsa sallama kawai.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko kun ji. Mun yi aiki tare da kakanku har ƙarfinsa ya ƙare, kuma shi da hannunsa ya miƙa mini mabuɗin ɗakin kaya a gaban 'ya'yansa maza. Malam Isyaku ya zama aminin gidan nan har aka mayar da shi Kaduna, kuma yawancin manyan ayyukan da na ci abinci da su na ɗauki nauyin karatunku, ta bakinsa suka zo, don ya riƙa gaya wa mutane akwai wani a Tambuwal da in ya ce zai yiwu to zai yiwu. Duk waɗannan mutane sun riga ni gidan gaskiya. Ina roƙon Allah ya saka musu, don kowannensu ya ba ni abin da ban biya ba. Amma ba a nan nake so in tsaya ba. Safiyar da abin ya warware nake so ku gani.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ina ƙofar gida ina liƙin tayar keke, sai na ga inuwa a kaina. Na ɗaga kai na ga Baba, da sandarsa, shi kaɗai. Ban da ranar suna, bai taɓa tako ƙofar gidana ba tun da ya ba ni aure. Na yar da abin da ke hannuna na durƙusa. Na ce ya shigo zaure, bai shiga ba. Ya tsaya yana kallon keken kamar saye ya zo yi.

"Akwai wani attajiri Sanyinna," in ji shi. "Ya sai mota, shina son tara mutane a yi walima. Wai cikin fadamatai yaka son a kafa rumfa, don a ga lambunai."

Kowa ya san fadamar Sanyinna a wannan lokaci, in ka kafa gwafa da safe kafin azahar ta kwanta.

"Na ce mai to," in ji Baba.

Ya juya sandar a hannunsa.

"Na so in gaya mai. Har na buɗe baki. Shekarun ga duka ban koya ma bakina ba, yanzu ya ƙi. Kai kana iyawa. In tayar ta gyaru, tafi ka gaya mai."

Na ce to. Ya juya zai tafi. Sai na tuna zauren nan da abin da ya jawo mana, na ga gara in tambaya tun yanzu. Na ce:

"Baba, in ya tambaye ni wa ya ce in zo fa?"

Ya tsaya, ya waiwayo. A karo na farko tun bayan maganar Kebbe ya dube ni cikin ido.

"Ka ce mai ni na aike ka."

Ina nan durƙushe har ya sha kwana. Da na shiga gida ɗaukar hula, na tarar da Innarku tsaye bayan ƙyaure, da Amadu a bayanta, tana share ido da gefen zane. Ashe duk ta ji. Ta miƙo mini hular ta ce in yi sauri kafin hadari ya taso.